Kokon Mma

Hajiya Mulikatu ta murƙushe ƙwayar da bayan cokali, ta zuba garin cikin koko, ta juya. Mma ba ta taɓa son ɗaci ba, sai an ruɗe ta da sukari. Yanzu likita ta hana sukarin, sai lallashi.

"Buɗe baki, Mma. Kaɗan ya rage."

Mma ta buɗe gefen bakin da ke motsi. Tun ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo, ɓarinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Kanta ya yi fari fat, ta rame har haƙarƙarinta na nunawa ta cikin riga. Rabin kokon ya gangaro ta haɓa. Mulikatu ta goge da bakin zani, ta hura cokali na gaba.

A kan tagar ɗakinsu na unguwar Maamobi kwalabe ne jere: man kifi, bitamin iri-iri, garin zogale, da wata ƙwaya ta ƙarfin ƙashi. Nurudeen, ɗan Mma da ke tuƙin tasi a Amurka, shi ke aiko su. Shi ya haɗa su da wata likita a unguwar Madina, wadda ba ta rubuta wa mutum komai sai ta auna jininsa, ta ji abin da yake ci da yadda yake barci. Kowacce da kasonta, na Mma a hagu, na Mulikatu a dama.

Mulikatu ta daɗe tana shan nata, kuma jikinta ya karɓa. Da ƙafa take zuwa kasuwar Nima ta dawo, ba sanda. Tana zura zare a allura ba tabarau. Mata na durƙusawa su gaishe ta a lungu, in ta wuce su ce Allah ya ba su irin ƙashinta. Ita kuwa Mma, lokacin da take da baki, dariya take yi wa kwalaben, ta ce waakye, wato wake da shinkafa, da shayi mai kauri sun ishe ta.

Ranar awo suka ɗauki tasi, don Mma ba ta iya zaman trotro, bas ɗin haya. Likita ta fara da Mulikatu, fuskarta a sake.

"Hajiya, zuciyarki lafiya lau, jininki ma haka. In kika ci gaba a kan wannan, shekara ɗari ba za ta yi miki wuya ba."

Mulikatu ba ta ce amin ba. Ta ce, "Na Mma fa?"

Likita ta duba takardar awon Mma. Ƙodar Mma ta gaji. Za a rage mata gishiri, a kula da ruwan da take sha, a sa ido.

Daga washegari Mulikatu ta fara haɗa kasonta da na Mma, ta niƙe duka cikin kokon. Abin da ya riƙe ta, a ganinta, zai riƙe wani. Ba a jima ba ƙafafun Mma suka kumbura, amai ya zo. Da suka koma Madina, likita ta tsare Mulikatu da tambaya har ta faɗi gaskiya.

"Ba a ɗora wa ƙodar da ta gaji kaya, Hajiya. Abin da ya gina ki, ita kayar da ita zai yi."

Ta daina. Amma ba ta koma shan nata ba. Kowace safiya takan damƙe ƙwayoyin a tafin hannu, ta zaga bayan gida, ta watsa su cikin kwata. In Nurudeen ya kira ta waya ya ce, "Hajiya, kina dai shan naki?" sai ta ce tana sha.

Ta zauna jiran rauni. Bai zo ba. Gwiwarta ba ta yi ciwo ba, idonta bai dushe ba. Da hannunta take juya Mma a shimfiɗa, ta wanke ta, ta shafa mata man kaɗe a baya inda fata ta fara saɓulewa. Gidan nan da can cike yake da mutane. An fitar da su ɗaya bayan ɗaya, matan cikinsu duk ita ta yi musu wanka. In ta ɗaga hannu bayan salla, abu ɗaya take roƙo: kada a bar ta ta sake yin wani.

Wata safiyar Juma'a, ruwan sama na dukan kwano, ta kai cokali bakin Mma. Bakin bai buɗe ba. Ta kira sunan, ta sake kira. Sai ta ajiye kofin, ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali. Ta jawo ta jikinta tana bubbuga bayanta a hankali, har kokon ya huce, kafin ta fita ta gaya wa maƙwabta.

Da maza suka tafi da gawar, mata suka cika tsakar gida. Cikinsu akwai Wadia, mai sayar da doya a kasuwar Agbogbloshie, wadda bai fi mako ba da ta kama ɗaki a gidan. Ta durƙusa gaban Mulikatu ta riƙe hannunta.

"Kafra, sannu, Hajiya. Na gani da idona, duk abin da ɗiya ke yi wa uwa kin yi. Ki yi haƙuri. Uwa ta riga 'yarta, ai haka ake fata."

Mulikatu ta dubi tabarmar da aka ɗauke gawar daga kai.

"Sunan uwata na sa mata, shi ya sa nake ce mata Mma," in ji ta. "Ni na haife ta."