Takalmin Malam Sahabi

Shekara biyu ke nan Malam Sahabi yana fama da gyambo a ƙafarsa ta dama. Ciwon suga ne ya kawo shi. Tsohon manomi ne a Wanke, kuma tun da matarsa ta rasu ba mai kula da shi sai ɗiyarsa Hasana. Ita ke wanke ciwon safe da yamma, ita ke kai shi asibiti Gusau duk bayan mako biyu.

Babban ɗansa, Alhaji Kabiru, ɗan kasuwa ne a Tudun Wadar Gusau. Rabonsa da Wanke tun kafin gyambon ya fito.

Wata Asabar da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gida. Tsohon ya yi ta murna, ya ɗauka dubiya aka zo. Ashe wani abokin Kabiru ne ya yi wa uwarsa bikin zagayowar ranar haihuwa a Tsafe, gari ya ɗauka, Kabiru ma ya rantse sai ya yi wanda ya fi shi. Malam Sahabi bai san ranar da aka haife shi ba. Kabiru ya ce ba komai, ya riga ya zaɓa masa rana, yau ya cika tamanin.

Hasana ta ce likita ya hana shi dogon zama, ya hana shi zaƙi, kuma ƙafar ba ta son matsi. Kabiru ya ce ta yi wa mutane shiru, likita ba ubansa ba ne. Da ta ɗauko mayafi za ta bi su, ya dube ta sama da ƙasa ya ce motar ta cika.

A Gusau aka sa wa tsohon shadda mai sitaci, aka naɗa masa rawani. Sai aka kawo takalmi sau-ciki, sabo fil. Tsohon ya ce da silifas ɗinsa ya saba, ƙafar ta kumbura.

"Baba, manyan mutane za su zo," in ji Kabiru. "Ka daure na yini guda."

Da kansa ya durƙusa ya kwance bandejin, ya tura ƙafar cikin safa, ya danna ta cikin takalmin. Malam Sahabi ya cije leɓe. Wannan ne karo na farko da ɗansa ya taɓa shi cikin shekara biyu, saboda haka ya daure.

Ɗakin taro ya cika maƙil. 'Yan uwa sun zo daga Bungudu, abokan kasuwa daga Tsafe. Aka ɗora shi kan kujera mai tsawo, ƙafa na reto, tun azahar har bayan la'asar. Kowa ya zo sai ya dafa shi a ɗauki hoto ya wuce. Kabiru ya karɓi lasifika ya ce ba shi da abin alfahari a duniya kamar wannan tsoho, har da share hawaye. Aka yanka kek. Tsohon ya kawar da kai, aka ce ya buɗe baki mai hoto na jira. Sau huɗu ana maimaitawa don hoton bai yi kyau ba.

Can fitsari ya matse shi. Ya kira Kabiru, kiɗa ya hana a ji. Ya jawo rigar wani mai wucewa, mutumin ya yi murmushi ya ce Allah ya ƙara tsawon rai. Ya yunƙura zai sauka, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Nan ya jiƙa shaddar, a gaban surukai da jikoki.

Matar Kabiru ce ta fara lura, ta toshe hanci. Aka ɗauke shi ta ƙofar baya aka ajiye shi a ɗakin maigadi, taro ya ci gaba. Ba wanda ya tuna da takalmin. Da direba ya mayar da shi Wanke, sai da Hasana ta sa reza ta tsaga takalmin kafin ya fita. Yatsun sun yi baƙi.

Kwana biyar bayan haka likitoci suka yanke ƙafar daga gwiwa.

Kabiru bai leƙo asibiti ba, wai kaya sun iso masa. Sai bayan an sallame su ya zo Wanke da buhun shinkafa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shiga ba.

"Sannu Baba, haka Allah ya ƙaddara," ya ce. "Amma fa biki ya yi kyau, har yau ana zancensa."

Malam Sahabi ya juya fuskarsa bango. Bai sake taka masallaci ba har ya bar duniya, damina na faɗuwa.

Jama'a, girmama iyaye ba a ɗakin taro yake ba. Kafin ka tara mutane da sunan tsohonka, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi inda ke masa ciwo.