Katunan Tsohon Akawu

Sabuwar kwamfutar da aka kawo daga Accra ta ƙi karanta faifan tsohuwar, ita kuma tsohuwar an riga an tafi da ita. Shekara biyu matashin ma'aikacin ofishin gona ya yi yana rubuta manhajar da ke riƙe da sunayen manoma dubu huɗu na kewayen Tamale, kuma duk tana cikin faifan nan. Ga damina ta ƙarato, mutane ba su gama farfaɗowa daga yunwa ba, jibi za a raba irin masara, kuma babu jerin sunaye.

Ya buga waya babban ofis. Aka ce masa na'urorin biyu ba sa jin yaren juna, sai dai ya haƙura.

Da la'asar ya hau keke zuwa unguwar Nyohini, gidan tsohon akawun da aka sallama ranar da shi ya kama aiki. Ya durƙusa ya gaishe shi, kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Baba, katunan sunayen manoman nan da aka ce ka ƙona..."

Tsohon ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe. Katunan na nan a jere, ƙauye-ƙauye, da yawansu ɗauke da sabon rubutu da jan biro.

"Wannan rubutun fa, Baba?"

"Duk ranar kasuwa nakan tambayi mutanen ƙauye labari," in ji tsohon. "Ka ga wannan, bara ya rasu, matarsa ke noma gonar. Sunanta za ka sa, kada a hana ta iri."

Ya miƙe ya sa hularsa. "Tashi mu je. Ni in karanta, kai ka buga."