Murfin da Aka Jingine a Gindin Tsamiya

A shekarar da taraktar gwamnati ta fara zuwa Zandam, mahaifina, limamin unguwarmu, ya kama hannuna bayan la'asar muka je kallon sussukar dawa. Taraktar tana tsaye cik, amma wata sandar ƙarfe a bayanta tana juyawa da ƙarfin injinta, ita ce take sarrafa injin sussuka. Murfin sandar kuwa, direba ya kwance shi ya jingine a gindin tsamiya, wai yana hana shi zuba giris.

Kawu Sale ya sunkuya zai zuba zangarniya, sai hannun babbar rigarsa ya zamo daga kafaɗa. Ƙarfen ya naɗe rigar, ya haɗa da damtsensa. Kafin a kashe inji, ƙashi ya ragargaje.

Direba ya ce, "Malam, ƙaddara ce."

Mahaifina ya ɗauko murfin, ya dire shi a gabansa. "Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara. Amma wannan, hannun wa ya kwance shi?"

Kawu bai sake riƙe fartanya ba. Yau ni ne limami, kuma duk sa'ad da mai sakaci ya fake da kalmar nan, warin giris nake ji, in ɗora masa tambayar mahaifina.