Maginin da Bai Leƙa Ɗaki Ba

Sha shayinki, Kubura, kada ya huce. Na ji duk abin da kika faɗa. An ba ki ofishin ba ɗalibai shawara a kwalejinku, wani yaro ya zo ya ce miki barci ya ƙaurace masa, karatu ba ya shiga, zuciyarsa kullum a cushe. Kafin ya rufe baki kin jero masa yadda zai tsara lokacinsa, ya rage waya, ya riƙa cin abinci, ya dage da addu'a. Ya yi godiya har da rusunawa, ya fita bai sake dawowa ba, yanzu kuma kin ji yana haɗa kaya zai bar makaranta. To, ni tsohon malaminki ne kawai, alli ya gama cinye min murya, ban karanci abin da kuka karanta ba. Misali ɗaya nake da shi.

A garinmu, zamanin da babu rufin kwano ko ɗaya, an yi wani magini. Kai, Allah ya jiƙan mutanen wancan lokaci! In bazara ta yi nisa sai gari ya ɗauki warin makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafe soro da shi, ko'ina ka ɗaga kai maza ne a kan soraye suna yaɓe, ana hira daga wannan soro zuwa wancan, ana miƙo kunu daga ƙasa. Ranar ruwan farko kuwa mu tuɓe mu shige ƙarƙashin indararo, iyaye na ta yi mana tsawa muna yi kamar ba mu ji ba. Har yau in hadari ya haɗo sai kewar garin nan ta kama ni.

Maginin nan gwani ne, kuma mutumin kirki ne, kada ki ɗauka mugu ne. Wata shekara wani saurayi baƙo ya zo koyon dukanci, aka sauke shi a wani ɗakin soro kusa da gidan magini. Da ruwa ya sauka saurayin ya zo ya durƙusa ya ce ɗakinsa yana yoyo. Magini bai bari ya ƙarasa ba. Shekara nawa yana hawa soraye, yoyo ne za a yi masa bayani? Ya saɓi tsani ya hau, ya ga wata tsaga a tsakiya, ya cike ta, ya shafe da makuba sumul, ya ce ko sisi ba zai karɓa ba, baƙo ai amanar gari ne. Aka sake ruwa, da safe suka haɗu a ƙofar masallaci, magini ya ce, "Yaya ɗaki?" Saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi, Baba, Allah ya saka da alheri." To, me zai ce? Dattijo ya yi maka aiki don Allah, sai ka dubi tsabar idonsa ka ce aikinsa bai yi ba? Kin san mu da kawaici. Magini dai ya lura idon saurayin ya faɗa, abin ya dame shi, sai ya sake hawa ya ƙara yaɓe a kan yaɓe ba tare da kowa ya sa shi ba. Sama ya hau ba adadi, amma ko sau ɗaya bai sunkuya ya shiga ɗakin ba.

Fatun da ubangidan saurayin yake ba shi ya kai ɗaki ya ɗinka suka fara funfuna. A wurin aiki ba abin da yake sai gyangyaɗi, har ya soke yatsa da basilla. Aka fara ce masa malalaci. Kafin gero ya nuna ya sulale ya koma garinsu, sana'ar da ya zo nema bai tafi da ita ba.

Sai da za a sauke wani baƙon sannan magini ya shiga duba ɗakin. Ashe tsagar da ya yi ta fama da ita ba ita ce matsalar ba. Ta gindin indararo ruwa yake shiga, ya bi azara, ya riƙa ɗiga ta ko'ina. Ga kasaken tarar ruwa nan a jere, ƙasa duk ta rarake. Inda ya rage busasshe bai fi faɗin buzu ba, can a bayan ƙofa, bangon wurin har ya yi sulɓi da shatin bayan mutum. Damina guda bawan Allah a zaune ya yi barcinta. Gyaran kuwa bai fi damƙi biyu na ƙasa ba. Aka ce nan take magini ya kwaɓa ƙasa ya toshe wurin. Daga ranar, in an kira shi aiki, a ƙofa yake jingine tsaninsa, ya yi sallama ya shiga ya zauna, ya ce a nuna masa inda ake janye tabarma in ruwa ya sauko.

Naki baƙon bai tafi ba tukuna, 'yata. Shawarar da kika ba shi yaɓe ne mai kyau, ban raina ba, sai dai daga sama kika yi shi. Ki aika a kira miki shi gobe. In ya ce da sauƙi, kada ki ce madalla ki sallame shi. Ki yi shiru, ki ba shi wuri, ko da zai kai la'asar bai buɗe baki ba. Ba banza Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba.