Zama Ɗaya a Ɗakin Sauke Nauyi

Tun da jami'a ta buɗe Ɗakin Sauke Nauyi, dokar ɗaya ce: kowane ɗalibi zama ɗaya gare shi har ya gama karatu. Ka shiga, ka faɗi abin da ke cin ranka, ka fito babu shi.

Wata bakwai Barira tana ajiye da katinta na shiga ɗakin, tun rasuwar mahaifinta. Karatu ya ƙi shiga, jarrabawa kuma saura mako biyu. Ran Talata da hantsi ta zauna a benci tana jiran kira.

Ƙofa ta buɗe, sai ga Uwani 'yar ɗakinsu a masaukin ɗalibai, wadda ta shekara tana kukan mahaifiyarta. Fuskarta fes, har da murmushi.

"Barira, shiga kawai. Wallahi kamar an sauke mini buhun gero daga ka."

"Kina tuna Inna kuwa?"

"Sosai mana. Doguwa ce, tana sayar da ƙuli-ƙuli, ta rasu bara da azumi." Ta gyara mayafi. "Bari in leƙa laburare."

Barira ta jira ƙarashen maganar. Uwani ba ta taɓa ambaton Inna ta rufe baki ba sai ta ce Allah ya jiƙanta. Yau ta wuce abinta.

"Lamba arba'in da ɗaya," in ji ma'aikaciyar ɗakin. "Shigo, 'yata."

Barira ta dubi katin, ta mayar da shi jaka.

"Allah ya jiƙan Inna," ta ce a hankali. "Allah ya jiƙan Baba."

Ƙirjinta ya yi nauyi kamar kullum. Da nauyinta ta nufi aji.