Zaman Dirshan Bayan Ci Huɗu

Ci na huɗu ya shiga ragar kulob ɗinsu ne a can wancan ƙarshen duniya, don haka Inna Tomie ba ta gan shi ba. Babban allo ne ya sanar da ita, ya kuma maimaita mata a hankali, ko da ba ta ƙoshi ba.

Tun asuba suka baro garinsu na masunta a motar magoya baya, suka ratsa rabin Japan, don kawai su zauna a wannan kwanon siminti da aka kife a tsakiyar gonakin shinkafa. Tsakanin kujeru da fili akwai hanyar 'yan tsere, bayanta akwai rami, bayan ramin wasu kiyashi masu jajayen riguna, waɗanda aka ce su ne 'yan wasanta. Taliyar bakin ƙofa ruwan zafi ce da nadama. Masu gida kuwa ko tafi ba sa yi sai lasifika ta ba su izini.

Filinsu na gida tsohon katako ne mai warin busasshen kifi. In mai tsaron raga ya yi shirme, a kunne za ka gaya masa, har ka aika gaisuwa wurin mahaifiyarsa. Wannan filin ne ake raɗe-raɗin Shugaba Momose zai rufe, ya kwashe kulob ɗin zuwa wani sabon kwano a bayan gari. Babu wanda ya ji daga bakinsa. Mutumin da ya sallami har mai wankin riguna bana, me zai gagare shi? Yau ma kujerarsa a rumfar manya iska ce ke kanta.

Aka busa tashi. 'Yan wasa suka tako, suka jeru, suka sunkuya. Bisa al'ada sai a tafa musu, a tsince shara a leda, a tafi. Inna Tomie ta tsince sharar, ta ɗaure ledar, ta koma ta zauna daram.

"Babu inda za mu," ta ce. "Momose ya fito, ya sunkuya, ya gaya mana makomar filinmu."

Kowa ya zauna. Wanda ya taɓa ganin Inna Tomie tana ciniki a kasuwar kifi ba ya gardama da ita.

Can sai ga Nagumo, jami'in kulob, cikin baƙar kwat, yana murza hannu.

"Muna matuƙar godiya da ɗumbin goyon bayan da..."

"Da kuke ba mu a kodayaushe," ta ƙarasa masa da muryarsa, har da 'yar rawar da ke ciki. "Mun haddace, malam. Ina maigidanka?"

"Yana kan wani aiki ne, ranki ya daɗe."

"A ina?"

Nagumo ya kalli gefe. "Ba nisa."

Wadda kawai ta tsaya tare da su ita ce Ƙaguwa, dodon kulob ɗin, ƙatuwar jar aba mai ƙafafun soso. Tun kafin a fara wasa take gaban kujerunsu cikin rana. Rawarta ma yau ta bi sahun 'yan wasa: ita da ta saba alkafura, yau sai ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar mai neman alfarma. Ƙa'idarta biyu ce, kowa ya sani. Ba ta magana, kuma ba a taɓa cewa akwai mutum a ciki.

Inna Tomie ta jawo ta kusa. Tunda mai laifi ya ɓuya, ai a yi masa wakili. Inna ta miƙe tana kwaikwayon Momose, ta turo ciki, ta goya hannu a baya, ta yi gyaran murya har sau ba adadi kafin ta ce, "E to... ana duba lamarin." Jama'a suka fashe da dariya. Ƙaguwa ta rufe fuska da almakashinta.

"Kun gani? Ko dabba ta ji masa kunya. Ke 'yar albarka, faɗa mini, za ki yarda a kai ki kwano irin wannan?"

Ƙaguwa ta girgiza kai da ƙarfi, har idanunta na soso suna kaɗawa.

"Madalla. Wadda babu komai a kanta ta fi shi tunani."

Hanabusa mai ganga ya ɗauki kiɗa. "Momose, fito ka sunkuya! Momose, fito ka sunkuya!" Duk ihu ɗaya sai Ƙaguwa ta duƙa, goshi kusa da gwiwa.

"Ba ke ba, sakarai!" wani ya ce, aka sake kwashewa.

Ma'aikatan filin suka fara naɗe tutoci suna kallon agogo. Siminti ya yi zafi kamar tanda. Nagumo ya matso yana raɗa wa Ƙaguwa ta shiga inuwa, don Allah, don girman komai. Ta ture shi. Ta sake duƙawa, ta sake, a ta gaba kuma ba ta ɗago ba. Ta kife a ƙasa, ƙafafu a sama.

"Kada a cire kan!" Hanabusa ya yi ihu. "Akwai yara a nan!"

Nan take maza suka kewaye ta, suka ɗaga babbar tuta, suka juya baya. Mutum na shirin mutuwa, amma mutuncin Ƙaguwa ya fara zuwa.

"Ku matsa, mahaukata," Inna Tomie ta ce, ta durƙusa. "Bawan Allah yana gasuwa a nan, wancan matsoracin yana can cikin sanyi yana shan shayi. In na kama shi, wallahi..."

Ta kama kan da hannu biyu, ta murɗe kamar yadda take yi wa kifin kasuwa, ta fizge.

A ciki, furfura jiƙe sharkaf, Shugaba Momose ya buɗe ido ɗaya, ya ga fuskarta, ya yunƙura zai sake sunkuyawa.