Igiyar Guga a Ƙafata

Ranar da malamin wasanni ya cire ni daga tseren makaranta, wai ina gudu a karkace, na koma gidanmu a Jekadafari ina huci. Na tarar da Baba yana jan ruwa a rijiya.

"Baba, malamin wasanni ya ce haka aka halicce ni."

"Shi ya auna?"

Ya tsuguna ya zagaya jiƙaƙƙiyar igiyar guga a cinyata ta dama, ya danne wurin da yatsa, ya mayar da ita cinyata ta hagu. Igiyar ta yi sako-sako. Har yau ina jin sanyinta.

"Da wace ƙafa kake langa?"

Na ce da ta dama nake tsalle kullum, ta hagu tana riƙe a hannuna.

"To ta hagun lafiyarta ƙalau, goya ta ka yi. Sauke ta ta yi aiki."

Na kama ta dama, na yi ta tsalle da ta hagu, ina faɗuwa ina tashi, har aka kira la'asar.

Yanzu ni ke horar da yara gudu. Duk wanda ya ce mini yaro ba zai iya ba, ba na musu da shi. Igiya nake miƙa masa.